Tarihin Rayuwata, Kashi na 9: Bel ɗin Injin Baffa

A makon jiya na tsaya a inda Baffa ya raba ni da kiwo ya sa ni a rumfar injin niƙa da ke bakin kasuwar ƙauyenmu ta ƙasar Gumel. Wasu daga cikin 'ya'yan Yaya Babba sun aiko cewa na cika nanata maganar injin nan. Ba zan daina ba, domin gidansu ne ya sayar da shi ga masu sayen tsohon ƙarfe, aka ɗora shi a sikeli aka biya da kilo, ni kuwa ina raye ba a nemi shawarata ba.

Injin Lista ne ƙirar Ingila, daga garin Dazli, mai silinda ɗaya da ƙarfin doki 6, yana juyi 650 a minti. Yana da manyan ƙafafun ƙarfe biyu masu nauyi, ɗaya a kowane gefe, waɗanda ke riƙe ƙarfin bugu guda su kai shi ga bugu na gaba. Ruwan sanyaya shi yana cikin duro a tsaye, mai zafi ya hau ta bututun sama, mai sanyi ya sauko ta na ƙasa, ba tare da famfo ba. Amma Baffa, Allah ya jiƙansa, bai taɓa fara koya wa yaro inji ba sai yaron ya san bel. Kullum cewa yake yi: "Inji na da ƙarfi, amma bel ne ɗan aike."

Bel ɗinmu mai faɗi ne, na zane mai kauri da roba, an haɗa bakinsa da ƙugiyoyin ƙarfe. Ba shi da haƙora, kamun da yake yi wa gargaren ƙarfen da yake hawa shi kaɗai ke jan injin niƙa. Abin da ya daɗe yana ba ni mamaki shi ne gargaren ba shi da baki a gefe, amma bel ba ya zamewa ya faɗi. Baffa ya kama yatsana ya bi da shi a kan gargaren, sai na ji tsakiyarsa ta ɗan fi gefe tudu. Bel mai faɗi yana neman inda ya fi tudu ne ya hau, shi ya sa yake zama a tsakiya. Idan ka ga yana gudu gefe ɗaya, to injin da abin niƙan ba su daidaita ba, sai mu ja zare daga wannan gargare zuwa wancan mu gyara zamansu. Haka kuma yake sa ɓangaren da ke ja ya kasance a ƙasa, na sama ya ɗan yi ciki, domin ya ƙara rungumar gargaren.

Lissafin gudu ma a nan na koye shi tun kafin in shiga ajin yaƙi da jahilci. Idan kewayen gargaren inji ya ninka na abin da ake ja sau biyu, na biyun zai yi juyi 1,300 a minti. Idan aka karkaɗa bel ya gitta kansa, sai juyin ya koma baya. Da muka ƙara injin casar shinkafa, Baffa ya kafa dogon ƙarfe guda mai gargare da yawa, kowane aiki da bel ɗinsa, kuma kusa da gargaren da ke ja akwai wani sakakke wanda ake tura bel kansa da sanda idan ana so aiki ya tsaya ba tare da an kashe inji ba. Ranar Alhamis ta kasuwar Maigatari dukkansu suke yini suna juyawa.

Shekaru da yawa bayan haka, na ga ɗan Yaya Babba ya ɗaure bel tamau har yana ƙara, wai don kada ya sulluɓe. Na gaya masa boris zai ci, bai ji ba, kafin kaka sai da aka je Ƙofar Ruwa a Kano neman wani. Ɗan aiken da aka shaƙe wa wuya ba ya isar da saƙo, kuma sulluɓewar nan da yake ƙi ita ce ke ceton inji, domin idan tsakuwa ta shiga tsakanin farantan niƙa, bel ne ke zamewa ya yi kuka kafin wani ƙarfe ya karye. Baffa ya kan shafa masa ɗan ƙaro kaɗan a lokacin hunturu, ba ya wuce haka. Bai kuma taɓa barin mai babbar riga ko mace mai mayafi ta tsallaka igiyar da ya gitta ba, saboda bel ba ya sakin abin da ya kama.

'Ya'yan Yaya Babba sun ce injin ya tsufa, babu kayan gyara. Gaskiya ne kamfanin ya daina ƙera irinsa a 1987, amma Indiya ta ci gaba da yin irinsa, kayansu kuma suna shiga namu. Da an tambaye ni da na faɗa musu haka, da kuma na biya su abin da mai sikelin ya biya. A mako mai zuwa zan ba da labarin yadda aka yi rabon gadon.