Na gama kallon Lost, kuma ina tare da masu kare ƙarshensa

Daren jiya na kalli kashin ƙarshe na shirin talabijin mai dogon zango Lost, wanda tashar ABC ta Amurka ta nuna a watan Mayun 2010 bayan zango shida. Har yanzu raina bai dawo daidai ba.

Da gari ya waye na bi abin da masoya shirin suka yi ta faɗa tun wancan lokaci. Ashe gida biyu suka rabu! Wasu sun fusata, wai an cinye musu shekara shida ba a warware asirin tsibirin da jirgin sama ya faɗi a kansa a farkon labarin ba. Wasu ma sun kafe cewa fasinjojin jirgin Oceanic 815 sun mutu tun ranar da ya faɗi. Wannan kam ban yarda ba. A cikin cocin da taurarin suka taru a ƙarshe, mahaifin Jack ya faɗa wa ɗan nasa, wanda shi ne babban jarumin shirin, ƙarara cewa duk abin da ya same su ya faru da gaske, kowa ya mutu a lokacinsa.

Batun Walt, yaron da ba a warware asirinsa sosai ba, ya dame ni, ba zan ɓoye ba. Amma da Jack ya kwanta a dajin gora, kare Vincent ya zo ya kwanta gefensa, idon Jack ya rufe, wallahi sai da na share hawaye. Ƙanina har yau cewa yake yaudara ce, mun kusa awa guda muna musu a waya.