Fankar sola a cikin mota: yadda na haɗa tawa da iyakar abin da take iya yi

Abin da ke dafa motar da aka ajiye a rana shi ne hasken da ke ratsa gilashi. Yana sauka kan dashbod da kujeru da sitiyari, su sha shi su yi zafi, sannan su ɗumama iskar da ke kulle a ciki. Shi ya sa ranar da waje yake digiri 35, cikin mota kan haura 60, dashbod kuwa ya wuce nan. Aikin fanka ɗaya ne tak: ta fitar da iskar da ta yi zafi, ta waje ta maye gurbinta. Ba ta sanyaya komai. In waje 38 ne, ko fanka goma ka jera ba za ka ga 37 a ciki ba.

Kafin in sayi ko waya sai da na yi lissafi. Da tsakar rana, in gari ya washe, rana na zuba kusan wat 1,000 kan kowace murabba'in mita. A ce wat 600 ne ke samun shiga ta gilasai. Kubik mita ɗaya na iska yana kwashe kusan jul 1,200 in zafinsa ya ƙaru da digiri ɗaya (wat ɗaya shi ne jul ɗaya a kowace daƙiƙa). To in kana so ciki kada ya fi waje da sama da digiri 10, sai ka fitar da kubik mita 180 a kowace awa. Cikin ƙaramar mota bai wuce kubik mita 3 ba, ke nan a sabunta iskar kakaf kowane minti ɗaya.

Nan ne 'yar fankar nan da ake maƙalawa a bakin gilashi take faɗuwa. Farantin solarta bai fi tafin hannu ba, wat ɗaya ko biyu yake bayarwa. Na gwada irinta: tana juyi, tana 'yar ƙara, amma in ka kara hannu a bakinta da ƙyar za ka ji iska. Ga kuma tsagar da ke raguwa a gefenta bayan an ɗaga gilashi. Ta nan take zuƙo iskar waje ta sake tura ta waje nan take, ta cikin motar kuwa tana nan ko motsi ba ta yi ba.

Tawa na haɗa ta da fankar kwamfuta guda biyu masu faɗin milimita 120, 'yan bolt 12, kowace na jan kusan amfiya 0.2, jimla wat 5. Na nemo farantin sola mai wat 10, da ƙaramar regileta mai rage ƙarfin wuta zuwa bolt 12, da makunnin zafi mai haɗa wuta da kansa in an kai digiri 40, sai fallen filawud siriri da robar bakin ƙofa. Na yanke filawud ɗin daidai lanƙwasar gilashin ƙofar baya, na huda ramuka biyu, na ɗaure fankokin suna hura waje, na naɗe gefensa da roba. Ana sauke gilashi, a zura saman katakon cikin kwaroron da gilashi ke shiga, a ɗaga gilashin a hankali ya tokare shi daga ƙasa. Sama ake so ya zauna, can iskar zafi ke taruwa. Motar da gilashinta ke komawa ƙasa da kansa in ya taɓa abu, sai an riƙa ɗaga shi kaɗan-kaɗan.

Regileta ba ado ba ce. Farantin da aka rubuta wa bolt 12 yakan ba da 17 zuwa 18 a bakin aiki, in babu komai jone da shi ya haura 21, wannan kuwa yana iya ƙone fankar kwamfuta. Dalilin ninka girman farantin shi ne wat 10 ɗin an auna shi ne a digiri 25, kuma kowane digiri ɗaya da ya ƙaru yana rage kusan kashi 0.4 cikin ɗari. A kan dashbod, inda zai kai 70, kusan kashi ɗaya bisa biyar ya tafi, ban da abin da gilashi ya tare, balle mai tinti. Don haka a rufin mota nake ɗora shi, da maganaɗisu mai rufin roba don kada ya karce fenti, in bi da wayar ta cikin robar ƙofa. Inuwar eriya kaɗai in ta faɗa kan ɗaya daga cikin ƙananan gidajen da ke fuskar farantin, sai ka ji fankokin sun yi laƙwas, domin gidajen a jere suke haɗe, wuta ɗaya ke bin su duka.

Abin da ya fi komai tasiri, kuma ba a cika faɗarsa ba, shi ne ta ina iska za ta shigo. Fankar da ke hura waje a mota rufe ruf juyi kawai take yi. Akwai ƙofar iska a gindin gilashin gaba, wadda esi ke jan iskar waje ta cikinta. Kafin ka kashe mota, cire ta daga juya iskar ciki ka mayar da ita kan iskar waje, ka bar hancinan esi a buɗe, domin murfin yakan tsaya inda aka bar shi. In filtar esi ta toshe da ƙura, a canja ta. Ramukan fitar iska da ke cikin but, bayan bamba, ba za su taimaka ba: marfinsu na roba waje kawai yake buɗewa. Gwajin da nake yi mai sauƙi ne. In fankoki na aiki, sai in riƙe siririyar takarda a bakin hancin esi, in ta karkato cikin mota, hanya ta buɗu. Da Toyota ta sa rufin sola a Prius ɗin da ta fitar a 2009, babbar fankar motar yake kunnawa ta turo iskar waje ta wannan hanyar.

Zafi yana cin kayan haɗi. Gam ɗin kyandir narkewa yake, robar da ke manne wa gilashi ta saki, fanka mai bushin kuma man da ke cikinta ya bushe ta fara gurnani, gara mai boris. Ban sa batir ba da gangan: batirin litiyom ba a yi masa caji sama da digiri 45, kuma lokacin da ake buƙatar fanka shi ne lokacin da rana take. Batirin mota ma ban taɓa shi ba.

Bambancin da nake ji a fili yake, iskar da ke dukan fuska in an buɗe ƙofa ta ragu sosai, esi kuma na saurin kamawa. Amma sitiyari da dashbod suna nan da zafinsu muddin rana na dukansu kai tsaye, sai an haɗa da abin tare rana mai ƙyalli a gilashin gaba, wanda ke mayar da hasken tun bai zama zafi ba. In ɗaya za ka zaɓa, zaɓi shi. Ko da duka biyun, ba a barin yaro ko dabba a ciki. Katakon kuma yana barin santimita 13 zuwa 14 babu gilashi, don haka ba na sa shi inda babu tsaro, kuma hadari na haɗuwa nake cire shi.