Abin da aikin kek ya koya mini game da awon garin sukari

Garin sukari, wanda masu yin kek a Legas suka fi sani da aisin, ba ya tsayawa a awo ɗaya kamar sukarin shayi, kuma wannan ne darasin da ya fi zama mini a zuciya cikin aikin da nake yi a wani shagon kek a Agege. Kofi ɗaya na sukari mai tsaba yana kai giram 200, ko wane ne ya auna. Kofi ɗaya na garin sukari kuwa yana tsayawa wajen giram 120 idan an zuba shi da cokali aka shafe baki da wuƙa, yana sauka ƙasa da haka idan an tankaɗe shi kafin awo, sannan yana haurawa sosai idan an cusa kofin cikin leda an danna. Dalili shi ne iskar da ke tsakanin garin: tankaɗe yana ƙara ta, dannawa tana fitar da ita, alhali kofin girmansa ɗaya ne.

Hajiyar da ke koyar da mu ta taɓa nuna mana wannan a aikace. Ta niƙa kofi ɗaya na sukari mai tsaba a injin markaɗe, ya fito ya haura kofi ɗaya da rabi, amma da ta ɗora a sikeli nauyin bai canja ba. Tun daga nan na fahimci cewa giram shi ne asali, kofi kuwa kintace ne da ake komawa gare shi idan babu sikeli.

Lissafin da nake aiki da shi mai sauƙi ne: a raba nauyin da 120 a sami adadin kofi. Ledar giram 500 tana ba da kofi huɗu da ɗan ɗoriya, giram 250 kofi biyu da kamar cokali babba ɗaya, cokali babba kuma yana ɗaukar kusan giram 8. Sai dai dole a san kofin da ake nufi, domin na Amurka wajen mililita 240 ne, wanda ake amfani da shi a Ostireliya kuma 250. Gwangwanin madara da matan gida suke awo da shi kusan kashi biyu cikin uku na kofi ne, wato giram 80 ke nan, kuma na ga mata da dama suna ɗaukarsa a matsayin kofi cikakke, kirim ɗin da ake shafa wa kek ya fito musu ruwa-ruwa su ɗora laifin a kan bota.

Damina a Legas tana ƙara wahalar. Garin sukari yana jan danshi, kuma ko da yake masana'anta suna zuba masa ɗan sitacin masara don kada ya dunƙule, ledar da aka buɗe a watan Yuni ba ta daɗewa take yin gudaji. Gudajin suna barin gurbi a cikin kofi, sai awo ya yi ƙarya. A ganina wannan ya isa hujjar sayen ƙaramin sikeli ga duk wadda take sayar da kek, domin kirim na bota yana son kashi biyu na garin sukari da kashi ɗaya na bota bisa nauyi, kuma kuskuren giram 20 a kowane kofi yana taruwa ya ɓata kek ɗin biki.

A littafin shagonmu yanzu kowane awo ana rubuta shi da giram, a gefensa a sa kofi, sannan a bayyana ko kafin tankaɗe aka auna ko bayansa.