Ƙoƙon Kan Gloriana da Mutanen Fadar da Ta Ruɓe

A hunturun da ya wuce, lokacin da sanyin Jos ke kora mutum ɗaki tun da magariba, na sake karanta wani tsohon wasan kwaikwayo na Ingila mai suna The Revenger's Tragedy, wanda aka buga a Landan a shekarar 1607. An daɗe ana jingina shi ga Cyril Tourneur, amma yawancin masana a yau sun tsaya a kan cewa Thomas Middleton ne ya rubuta shi. Labarin yana gudana ne a wata fada a Italiya da ba a ambaci sunanta ba, kuma tun daga sunayen mutanen cikinsa mai karatu zai gane inda aka dosa, domin an ciro su ne daga harshen Italiyanci, kowanne yana faɗar halin mai shi. Vindice shi ne mai ramuwa, Lussurioso mai bin sha'awa, Spurio shege, Ambitioso mai dogon buri, Castiza kuwa mai kamun kai. Bahaushe ya ce suna linzami ne, to a wannan wasan linzamin ne ke jan kowa har bakin kabarinsa.

Wasan yana buɗewa da Vindice a tsaye a gefe, riƙe da ƙoƙon kan budurwarsa Gloriana, yana kallon tsohon Sarki da iyalinsa suna wucewa a cikin hasken fitilu. Shekara tara ke nan da Sarkin ya nemi yarinyar da lalata, ta ƙi, shi kuma ya sa mata guba. Duk tsawon shekarun nan Vindice bai rabu da ƙoƙon ba, yana magana da shi kamar mai rai. A karatuna na farko, ina matashi, na ɗauke shi jarumi wanda aka zalunta, kuma na so ya yi nasara da dukan zuciyata. A wannan karon da tsoro na bi shi.

Gidan Sarkin gida ne da babu wanda ya amince da wani a cikinsa. Sarauniya ta zo da 'ya'ya uku daga aurenta na fari, wato agololin Sarki, kuma ƙaramin cikinsu ya yi wa matar wani dattijon bafade mai suna Antonio fyaɗe, matar ta sha guba saboda baƙin ciki. Da aka gurfanar da shi bai nuna nadama ba ko kaɗan, Sarki kuma ya ɗage hukuncin, bai kashe shi ba, bai sake shi ba. Wannan ya fusata Sarauniya, sai ta rama ta hanyar jawo Spurio, ɗan da mijinta ya haifa a waje, zuwa shimfiɗarta, shi kuma ya amsa domin ya tsani uban da ya jawo masa sunan shege. Sauran agololin biyu, Ambitioso da Supervacuo, sun ƙulla a kashe yarima Lussurioso a kurkuku don sarauta ta faɗo musu, amma kafin umarnin ya isa an riga an sake shi, sai dogarai suka sare kan ƙaninsu a madadinsa. Waɗannan ba su daɗe a raina ba, domin mugunta ce tsagwaronta, kuma ramin da suka haƙa shi ya rufta da su.

Inda wasan ya riƙe ni shi ne gidan su Vindice. Gida ne na mutanen da suka taɓa ganin daraja, uban ya mutu da takaici, ya bar uwa, Gratiana, da 'ya budurwa, Castiza, a cikin rashi. Ɗan'uwan Vindice, Hippolito, wanda ke aiki a fada, ya kawo masa labarin cewa yarima yana neman kawali, sai Vindice ya ɓad da kama, ya sa wa kansa suna Piato, ya karɓi aikin don ya samu hanyar shiga. Aikin farko da aka ba shi kuwa shi ne ya shawo kan wata budurwa da ta gagari yarima, kuma budurwar ita ce ƙanwarsa ciki ɗaya. Yana da damar ya koma ya ce ta ƙi, ba tare da ya taka ƙofar gidan ba. Amma ya zaɓi ya je, a kan cewa zai gwada su, ya ga ƙarfin amanarsu.

Castiza ta wanke shi da mari, shi kuma ya yi murna a ransa. Da ya juya kan uwar, ya zuba mata zinariya, ya yi ta zayyana mata irin daular da ke jiran 'yarta da irin talaucin da suke ciki, sai ta karaya, har ta shiga lallashin 'yarta da bakinta. Na daɗe a kan wannan shafi. Laifin Gratiana babba ne, kuma ba na neman wanke ta, amma ɗanta ne ya san inda rauninta yake, ya san abin da ke cikin tukunyarta da abin da babu, ya kuma yi amfani da dukan fasahar bakinsa har sai da ta faɗi. Daga baya shi da Hippolito suka zo mata da wuƙaƙe suna tuhumarta, ta yi kuka, ta tuba, suka yafe mata. Ban da kalma ɗaya da uwar ta yi cewa harshensa ne kaɗai ya iya yaudararta, babu inda aka tuhumi Vindice da cewa shi ne ya kai wutar cikin gidan.

Na ba goggona wannan labarin wata ranar Juma'a da na je gaishe ta a Anguwar Rogo, tana zaune kusa da kaskon wuta tana tsince shinkafa. Ta saurara har na kai wurin zinariyar, sannan ta ajiye faifan ta ce, “Ɗan nan, uwar ta yi abin kunya, amma ɗan da zai ɗana wa mahaifiyarsa tarko don ya ga ko za ta faɗa, shi ma albarka ta bar shi.” Na ce, “Goggo, ai zaluntarsa aka yi.” Ta ce, “An zalunce shi, na ji, amma ba uwarsa ce ta zalunce shi ba.”

Kisan Sarkin ya tabbatar da maganarta. Sarki ya sa Piato ya nemo masa mace a ɓoye, sai Vindice ya tufatar da ƙoƙon kan Gloriana, ya lulluɓe shi, ya shafa guba a bakinsa, ya kai shi wani ɗaki mai duhu, Sarki ya sumbace shi, gubar ta fara cin haƙoransa. Hakan bai isa ba, sai da 'yan'uwan biyu suka danne harshensa da wuƙa, suka tilasta masa kallon matarsa da shegen ɗansa suna rungumar juna, kafin su ƙarasa shi. Abin da ya fi tayar mini da hankali shi ne yarinyar da ta zaɓi mutuwa a kan ta kusanci wannan tsohon, ga shi masoyinta da hannunsa ya kai ta bakinsa bayan shekara tara. A wannan daren Vindice ba ya makoki, murna yake yi da gwanintar dabararsa, kuma daga nan har ƙarshen wasan sunan Gloriana ya kusan ɓacewa daga bakinsa.

Mu da muka ga rikice-rikicen Satumban 2001 da Nuwamban 2008 da Janairun 2010 a garin nan na Jos, ba sai an yi mana bayanin wannan sauyin ba. Mun san mutanen da suka fara da hawaye na gaskiya a kan wanda aka kashe musu, sannan a hankali mamacin ya koma hujja kawai, ramuwar ta zama abin da suke kwana da shi suke tashi da shi. Ana cewa ramuwar gayya ta fi gayya zafi, kuma na lura zafin yakan fara ne daga gidan mai ramuwar. Shi ya sa ba zan iya karanta Vindice kamar baƙon Bature na shekara ɗari huɗu da suka wuce ba.

Ƙarshen yana zuwa da sauri. Lussurioso ya hau sarauta, a wurin bikin naɗinsa Vindice da mutanensa suka shigo da rufaffun fuskoki a matsayin masu rawa, suka kashe shi a kan teburin cin abinci. Agololin da Spurio, waɗanda su ma suka zo da wannan niyyar, suka tarar an riga su, sai suka karkashe juna a kan gadon sarauta. Mulki ya faɗa hannun Antonio, babu kuma wanda ya san wanda ya kashe tsohon Sarki. Vindice zai iya yin shiru ya koma gida. Amma baki shi ke yanka wuya, kuma mai gwaninta ba ya jure a rasa wanda zai yaba masa, don haka ya buɗe baki ya faɗa da alfahari cewa shi da ɗan'uwansa ne. Nan take Antonio ya ba da umarnin a kashe su, bisa hujjar cewa wanda ya kashe wancan Sarkin zai iya kashe wannan. Har yanzu ina jin nauyin hukuncin, domin Antonio mutum ne da wannan gidan sarautar ya hallaka masa mata, kuma ramuwar Vindice ce ta ɗora shi a kan karaga.

Castiza kaɗai ce ta fita daga wasan yadda ta shige shi. Bayan tubar uwarta, ita ma ta gwada ta, ta yi kamar ta amince za ta je wurin yarima, uwar ta roƙe ta da hawaye kada ta je, suka rungumi juna. Daga nan ba a sake nuna su ba. Da na kai ƙarshen labarin, goggona ta ɗauki faifanta ta ce, “To ita yarinyar fa, wa ya rage mata?” Na ce mata uwar ce kawai, kuma wasan bai nuna wanda ya je ya faɗa musu an kashe 'ya'yan gidan maza biyu a rana ɗaya ba.