Akwati Kafin Taba: Aikin Shirya Ma'ajiyar Tabar Siga a Gida

Ƙaramin kamfani nake da shi, kuma aikinmu bai wuce abu biyu ba. Muna sayar da tabar siga, wato naɗin ganye zalla wanda babu takarda a jikinsa, muna kuma harhaɗa akwatunan da ake adana ta, tare da taimaka wa masu tarawa su tsara abin da suka mallaka a gidajensu. Kashi na biyun shi ya fi cin lokacinmu, shi ne kuma na fi ɗauka da muhimmanci, domin sayen siga abu ne da kowa zai iya idan yana da hali, amma riƙe ta shekara da shekaru ba tare da ta lalace ba yana buƙatar sani da haƙuri. Shi ya sa duk wanda ya zo mini da niyyar fara tarawa, tambayar farko da nake yi masa ita ce ina zai ajiye, kafin mu kai ga maganar wace iri yake so.

Dalilin wannan tambaya yana cikin halin ganyen kansa. Ganyen taba yana shan danshi daga iska, yana kuma sakinsa, gwargwadon yanayin da ya sami kansa a ciki. Idan iska ta bushe, rigar waje ta karan siga takan tsage, man da ke ɗauke da ƙamshi ya tafi, kuma wanda ya tafi ba ya dawowa ko da an mayar da danshin daga baya. Idan kuma danshi ya yi yawa, ganyen ciki yakan kumbura ya toshe hanyar hayaƙi, wutar ta riƙa mutuwa, daga nan sai fumfuna ta biyo baya. Abin da masu sana'a suka daidaita a kai shi ne danshi tsakanin kashi 65 zuwa 72 cikin ɗari, da zafi tsakanin digiri 16 zuwa 21 a ma'aunin Salshiyos. Ni dai na fi karkata ga ƙasan wannan iyaka, kuma abin da na fi jaddada wa mutane shi ne tsayuwar yanayin a wuri ɗaya, saboda hawa da saukar danshi kullum ya fi illa a kan zama a 66 ko 70.

Cikin akwatunanmu katakon da ake kira sidar Sifen muke shimfiɗawa, duk da cewa itacen daga yankunan zafi na nahiyar Amurka yake fitowa, kuma ɗan dangin mahogani ne. Amfaninsa shi ne yana riƙe danshi yana sakinsa a hankali, ƙamshinsa kuma yana tafiya daidai da na taba. Wurin da muka fi kashe lokaci a kai shi ne bakin murfi. Idan na gama akwati nakan ɗaga murfin kaɗan in sake shi, in saurara. Wanda ya zauna daidai yakan sauka da wata 'yar iska mai taushi kafin ya rufe, wanda kuma ya buga katako da ƙara to akwai inda iska ke fita, sai a mayar da shi kan teburin aiki. Sabon akwati ba a zuba masa taba nan take, don busasshen katako zai tsotse danshin da ke jikinta. Ana fara shayar da shi na kimanin mako biyu, da ƙaramin kwano na ruwan da aka tace ta hanyar turiri ko da fakitin danshi mai kashi 84, har sai ma'aunin danshi ya tsaya cik. Ma'aunin ma sai an gwada shi: a rufe shi cikin leda tare da gishirin da aka ɗan jiƙa, bayan wasu sa'o'i ya kamata ya nuna 75, idan ya nuna wani abu daban sai a san yawan kuskurensa a riƙa cirewa ko ƙarawa.

Ba na ɓoye wa masu saye cewa robar abinci mai murfi mai kama baki, da 'yan faifan katakon sida da fakitin danshi na kamfanin Boveda a ciki, tana yin aikin da akwati mai tsada yake yi, wani lokaci ma fiye da shi. Wannan magana tana rage mana ciniki a ranar, amma mai farawa da kara ashirin ba ya buƙatar kabad, kuma wanda aka gaya wa gaskiya shi ke dawowa idan tarinsa ya girma. Shawarar da nake ƙarawa ita ce mutum ya ɗauki abin da ya fi buƙatarsa ta yau girma, domin akwatin da aka cusa masa taba har baki ba ya barin iska ta zagaya, na sama su bushe, na kusa da fakitin danshi su jiƙe.

Babban abin tsoro a wannan harka shi ne ƙwaron taba. Ƙwansa yana iya zuwa a cikin ganye tun daga masana'anta, ya kwanta shiru, sai zafi ya haura digiri 22 ko 23 tare da danshi mai yawa sannan ya ƙyanƙyashe. Alamarsa ƙaramin rami ne zagayayye kamar kan allura a jikin riga, da ɗan garin taba a ƙasan akwati. Na sha buɗe akwatin mai saye in ɗaga kara ɗaya in buga shi a hankali a kan farar takarda, garin ya zubo, mu duka mu san cewa sauran ma sai an bincika su ɗaya bayan ɗaya. Maganinsa sanyi ne: a rufe tabar cikin leda biyu, ta kwana ɗaya a firji, kwana uku a firiza, ta sake kwana ɗaya a firji kafin ta dawo zafin ɗaki, domin sauyin gaggawa yana fasa riga. Saboda wannan ne muke koya wa kowa ya ware ƙaramin akwati na baƙi, inda sabuwar taba za ta zauna makonni kafin a haɗa ta da tsofaffi, musamman wadda aka samu kyauta ko aka yi musaya ba a san inda ta kwana ba.

Tsarin cikin ma'ajiya kuwa, kowa da yadda ya fi masa, amma akwai abubuwan da ba na sassautawa a kansu. Tabar da aka sa wa ɗanɗano na waje, irin su kofi ko banila, dole ta sami gidanta daban, don ƙamshinta yana kama katako yana kama maƙwabta. Masu ƙarfi da masu sauƙi ma ina son a raba su da allon katako, ko a bar musu ledarsu ta masana'anta, saboda karan da suka daɗe a jingine da juna tsirara suna aron ƙamshin juna. Bayan haka sai rubutu, wanda shi ne abin da mutane suka fi rainawa. Kowane kara ko kwali ya sami 'yar takarda mai ɗauke da ranar saye da inda aka saya, a kuma riƙe littafi ko jadawali a kwamfuta da ake rubuta sunan kamfani, girma, ƙasar ganye, da abin da aka ji a ranar da aka sha. Kwalayen Kyuba suna sauƙaƙa wannan aiki, domin a ƙasan kowanne akwai hatimin harufan masana'anta da wata da shekarar da aka cika shi, watan a taƙaice da Sifaniyanci, kamar ENE na Janairu, ABR na Afrilu, AGO na Agusta da DIC na Disamba. Girma kuma ana rubuta shi da tsawo da kauri, kaurin ana auna shi da kashi ɗaya cikin 64 na inci, ta yadda girman da ake kira robusto yakan kasance kusan inci 5 da kauri 50, Churchill kuma inci 7 da kauri 47. Wanda ba ya rubutu, bayan shekara biyu ba zai iya faɗin wanne ne ya isa sha wanne ne yake buƙatar jira ba, sai ya zama yana da tarin taba amma ba shi da ilimin abin da ya tara.

Tambayar da aka fi yi mana ita ce ta siga mai ƙarfi, kuma a nan ne rashin fahimta ya fi yawa. Yawancin masu saye suna miƙa hannu ga wadda ta fi baƙi, suna zaton duhun riga shi ne ƙarfi. Duhun baƙar rigar da ake kira maduro daga tsawon tsimi yake zuwa, inda ake tara ganye a babban tsibi zafinsa ya hau, launi ya yi duhu, ɗanɗano ya karkata ga zaƙi, shi ya sa rigar Broadleaf ta Connecticut a Amurka ko ta San Andrés a Meziko take iya lulluɓe karan da ba shi da wani ƙarfi sosai. Ƙarfin gaske, wato yawan nikotin da jiki ke ji, yana cikin ganyen da aka cusa a tsakiya, kuma ya danganta da inda ganyen ya fito a jikin shuka. Na ƙasa, wanda ake kira volado, ba shi da kauri, amfaninsa cin wuta. Na tsakiya, seco, shi ke kawo ƙamshi. Na sama, ligero, shi ya fi shan rana, ya fi daɗewa a jikin shuka, kuma tun da manomi yana cire kan furen, abincin da shukar ke turowa daga saiwa a nan yake taruwa, ganyen ya fito da kauri da maiƙo da nikotin mai yawa. Saboda yana cin wuta a hankali, a can tsakiyar naɗin ake sa shi. Idan ka duba gindin kara ka ga wani duhu a tsakiyar ganyen da aka yanke, sau da yawa shi kake gani. Akwai ma wasu ƙananan ganye biyu da wasu shuke-shuke kaɗan ke fitarwa a saman ligero, ana kiransu medio tiempo, waɗanda Cohiba ta Kyuba ta sa a cikin sigar Behike da ta fitar a 2010.

Ƙasa ma tana da nata rabon. Bayan juyin juya halin Kyuba na 1959 da takunkumin cinikin da Amurka ta ƙaƙaba a 1962, iyalai da yawa masu sana'ar taba sun fita da iri da gwaninta zuwa Nikaraguwa, Honduras da Jamhuriyar Dominika. A Nikaraguwa, ganyen Estelí ya yi suna da ƙarfi da yaji, na Jalapa kuma ya fi laushi da ƙamshi, don haka idan aka ce naɗi ya dogara da ligero na Estelí, mai neman ƙarfi ya san ya zo wurin. Cikin waɗanda nake nuna wa irin wannan mai saye akwai Antaño 1970 na kamfanin Joya de Nicaragua, wanda aka kafa a 1968, da Serie V na Oliva, da manyan naɗe-naɗen Padrón, gidan da José Orlando Padrón ya kafa a Miami a 1964. Daga Dominika, inda aka fi sanin taba mai sauƙi, Double Ligero na La Flor Dominicana ya nuna cewa sunan ƙasa kaɗai ba ya yanke hukunci. Daga Kyuba kuma, Partagás, wanda tarihinsa ya koma 1845, da Bolívar su ne ake lissafawa a sahun masu nauyi. A ganina, wanda ya fi cancanta a cikinsu shi ne wanda ƙarfinsa bai danne ɗanɗanonsa ba, domin cusa ligero har kara ya bugar da mutum ba gwaninta ba ce, gwanintar tana wajen daidaita shi da sauran ganye.

Ina ɗaukar wajibi ne a kaina in faɗi abin da ke tattare da wannan ƙarfi. Babban kara ɗaya yana iya ɗaukar taba kwatankwacin ta kwalin sigari guda, nikotin kuma yana shiga jiki ta fatar baki ko da ba a zuƙi hayaƙin zuwa huhu ba. Siga tana jawo sabo, tana kuma da alaƙa da cutar daji ta baki, maƙogwaro da huhu, kuma tsadarta ko kyawun naɗinta ba ya rage wannan. Ba ma sayar wa wanda bai kai shekarun da doka ta yarda ba, ba ma kuma kwaɗaita wa wanda ba ya sha ya fara. Wanda ya riga ya saba kuma yake son gwada mai ƙarfi, muna gaya masa kada ya sha da yunwa, ya bar tazara mai kyau tsakanin zuƙa da zuƙa, idan kuma ya ji jiri, gumi mai sanyi ko tashin zuciya, ya ajiye nan take, ya sha wani abu mai zaƙi ya sami iska.

Ajiyar masu ƙarfi tana da nata ɗan bambanci, wanda ya sa nake ba su ɓangarensu a kowace ma'ajiya da na tsara. Da yake ganyen ligero yana da kauri da maiƙo, a danshi 70 yakan ƙi cin wuta daidai, gefe ɗaya ya riga ɗaya, shi ya sa nake saukar da nasu zuwa 65 ko ƙasa kaɗan. Su ne kuma suka fi amfana da jira. Sabon naɗi wani lokaci yana zuwa da ɗan warin amoniya da kaifi a maƙogwaro, alamar cewa ganyen bai gama hucewa ba, kuma watanni a cikin akwati suna kawar da wannan. Bayan shekaru kaifin yana raguwa, ɗanɗanon ya haɗe, amma wani ɓangare na ƙarfin da aka saye shi dominsa shi ma yana lafawa. Don haka idan mutum ya sayi kwali mai kara 25 ko 20, nakan ce ya sha ɗaya bayan wata guda da zuwansa, ya rubuta abin da ya ji, sannan ya riƙa ɗaukar ɗaya duk bayan wata shida yana kwatantawa da rubutun baya. Lokacin da ya ga kara biyu a jere ba su ƙara komai a kan na gabansu ba, kwalin ya kai inda zai kai, sai ya matso da shi zuwa layin sama na waɗanda ake sha, ya ba sabon kwali wurinsa a ƙasa.