Abin da na gani a zaɓen Japan

Har yau watan Afrilun 2023 bai fita raina ba. Ina karatu a Kobe lokacin da aka yi zaɓen gwamnoni, magadan gari da 'yan majalisa, wanda Japan ke haɗawa duk shekara huɗu tun 1947.

Da ƙarfe takwas na safe motocin 'yan takara za su fara yawo da lasifika, ana ta nanata suna ana roƙon ƙuri'a; takwas na dare kuma tsit. Doka ta hana bi gida-gida neman ƙuri'a. Fastoci ma akwai allon da hukuma ta kafa, kowa da gurbinsa mai lamba. Ranar Lahadi maƙwabciyata, tsohuwa, ta dawo tana ba ni labarin yadda ta rubuta sunan gwaninta da fensir, don haka ake yi a can.

A Ashiya, nan kusa da mu, Ryosuke Takashima ya zama magajin gari yana da shekara 26. Wallahi na ji daɗi.

Amma abin da ya tsaya min a rai: kusan kashi ɗaya cikin huɗu na kujerun majalisun larduna an same su ba hamayya. Ƙauyuka sun tsufa, matasa sun koma birni, masu tsayawa takarar ma sun yi ƙaranci.