Tarihin Rayuwata, Kashi na 7: Idon Baba

Wancan makon na tsaya ne a daminar da Baba ya sare dawarsa da fartanya yana zaton ciyawa ce. Tun daga ranar muka daina yi wa kanmu ƙarya. Yanar ido ta rufe masa ido biyu, fari fat kamar an ɗiga nono.

Wata ranar kasuwa wani mai maganin ido, irin masu yawo gari-gari da jaka, ya ce aikin minti biyar ne. Ya soka wani abu kamar allura ya ture yanar cikin idon dama. Kwana uku Baba yana ganin haske, har awakinmu ya ƙirga. A na huɗu idon ya kumbura, ciwon kai ya hana shi runtsawa. Mai magani kuwa ko ƙurarsa, ya tafi da kuɗin tunkiyarmu guda.

Baffa, yayan Baba, shi bai taɓa barin Maguzanci da bautar kan gida ba, wato iskan da Maguzawa ke wa yanka don ya tsare gida. Ya zo ya zauna bakin zaure ya ce, "Tun da ka juya wa kan gida baya na san za a rina. Baƙin bunsuru ɗaya da tulun giya, a wuce wurin."

Baba ya ce, "Yaya, na gode da kulawa. Amma wanda na bi ba ya karɓar bunsuru."

Ranar Lahadi bayan sujada Fasto ya zo da dattawan ikilisiya, da man gyaɗa a 'yar kwalba, suka shafa masa suka yi addu'a yadda Yaƙubu 5:14 ya umarta. 'Yan zumuntar mata suka cika tsakar gida da tulunan kiɗa. Ni kuma na ɗauki azumin kwana uku, ina da tabbacin ran na uku Baba zai buɗe ido ya kira sunana. Ba na ɓoye muku, har na shirya shaidar da zan bayar a coci.

Ran na uku ya zo ya wuce. Ni dai na ci gaba da riƙe masa sanda zuwa bayan gida.

Kullum da almuru nakan karanta masa tsohon Littafi Mai Tsarkinsa, fassarar nan ta 1932 wadda Hausarta ke sa ni tuntuɓe. Wata rana ya ce in buɗe Korintiyawa ta biyu, sura 12, inda Bulus ya roƙi Ubangiji sau uku a cire masa ƙaya daga jiki, aka amsa masa cewa alheri ya ishe shi. Na rufe littafin da ƙarfi.

"Baba, to wahalar me muke yi da roƙo?"

Ya daɗe bai tanka ba. Can ya ce, "'Yata, sau uku Bulus ya roƙa. Ke sau nawa kika yi da har kika gaji? Ni ban fasa roƙon ido ba. Ban dai sa wa Allah rana ba ne."

Haushi na ji, ba ta'aziyya ba. Na kwana ina kuka a ɗakin Inna.

Bayan girbi, maƙwabcinmu Musulmi mai motar ɗaukar hatsi ya ce ba zai zuba ido abokin nomansa ya makance ba. Da asuba ya ɗauke mu daga ƙasar Sumaila, ni a saman buhuna, Baba a gaba, har asibitin ido na cocin ECWA a Kano, wanda 'yan mishan na SIM (Sudan Interior Mission) suka kafa a 1943. Ko kuɗin mai bai karɓa ba.

Sai bayan azahar layi ya zo kanmu. Likita ya haska idon dama, ya tambayi wa ya taɓa shi, ya girgiza kai. Ya koma na hagu, ya daɗe yana dubawa, Baba kuwa leɓɓansa na motsi. Sannan ya ajiye fitilar ya ce in matso kusa.

Abin da ya faɗa mini, sai mako mai zuwa in Ubangiji ya kai mu.